Baffa, kawu da suruki: Sunayen dangi a kudancin Kano da takwarorinsu a harshen Kanton

Lokacin da Allah Ya yi wa Alhaji Aminu Alhassan Dantata rasuwa a watan Yunin 2025, jaridun Turanci da dama sun bayyana dangantakarsa da Alhaji Aliko Dangote da kalmar nan tasu guda ɗaya wadda ta haɗe baffa da kawu. A lissafin Bahaushe kuwa, marigayin ba baffa ba ne, ba kuma kawu ba. Mahaifiyar Aliko, Hajiya Mariya, 'yar Alhaji Sanusi Dantata ce, shi kuma Aminu ƙanin Sanusi ne. Ke nan baffa ne a wurin Hajiya Mariya, kaka ne a wurin Aliko. Shi kuwa Aliko tattaɓa-kunne ne ga tushen gidan, Alhassan Dantata, wanda aka haifa a Bebeji a shekarar 1877, ya rasu a Kano a 1955.

Sunan gidan ma kansa daga wata irin dangantaka ya samo asali, wadda ba ta jini ba ce. Alhassan ya fito ne daga zuriyar Agalawa, fataken goro da ke bin hanyar Gwanja. Mahaifinsa ya rasu yana yaro, mahaifiyarsa ta tafi Ankara ta ƙasar Gana, aka bar shi a hannun wata dattijuwa mai suna Tata. Riƙon da ta yi masa ne ya sa ake ce masa ɗan Tata, sunan da ya bi zuriyar har yau.

Wannan ɗan misali ya isa ya nuna cewa kalmomin zumunta suna da aiki. Su ne ke faɗa wa mutum wanda zai durƙusa wa, da wanda zai yi wa wasa, da wanda zai iya aura, da wanda zai gada. A ƙasar Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, inda Hausawa da Fulani suka daɗe suna auratayya, kuma har yanzu ake samun manyan gidajen gandu, kalmomin suna nan da ƙarfinsu fiye da yadda suke a sababbin unguwannin birni. Akwai kuma wani harshe da 'yan kasuwar Kano ke cin karo da shi a tafiye-tafiyensu, wanda ya fi Hausa ƙwaƙƙwafi a wannan fanni, wato harshen Kanton na kudancin ƙasar Sin.

Dangin uba da dangin uwa

Ginshiƙin tsarin Hausa shi ne raba dangi gida biyu. Wan uba ko ƙaninsa shi ne baffa, wasu gidajen kuma baba kawai suke ce masa, ba sa bambanta shi da mahaifi. Yar uba ko ƙanwarsa ita ce goggo ko gwaggo. A ɓangaren uwa, namiji kawu ne, mace kuma inna ko iya. Masana harshe suna ganin baffa da kawu da goggo aro ne daga Fillanci, inda ake cewa bappa da kaawu da goggo. Tsohuwar kalmar Hausa ta kawu ita ce rafani, wadda yanzu sai a ƙamus ko a bakin tsofaffi. A rugagen da ke kewaye da dajin Falgore da gidajen da ke da tushen Fulani, ana jin yafendo ga 'yar'uwar mahaifiya.

Karin sauti ma yana da hannu a nan. Baba da ake kiran mahaifi da baba da ake kiran dattijuwa a rubuce abu ɗaya ne, murya ce ke raba su.

Idan baffanni ko goggonni sun yi yawa, Bahaushe kan bambanta su da girma ko da garin da suke zaune: Baffa Babba, Baba Ƙarami, Goggon Kiru, Kawun Riruwai. Kaka kuwa kaka ne, namiji ko mace, na wajen uwa ko na wajen uba, haka nan jika. Hausa ba ta ware wata kalma ga ɗan wa ko ɗan ƙane ba. Mutum zai ce "ɗana ne", in an matsa masa ya ƙara da "ɗan yayana ne", kuma yawancin dattawa ba sa son a kai su ga wannan ƙarin bayanin, domin a ganinsu raba 'ya'ya ne.

Tsakanin waɗanda suka fito gida ɗaya, shekaru ne ma'auni: wa da ya, waɗanda ake kira yaya, sai ƙane da ƙanwa. Na farko ɗan fari, na ƙarshe auta. Sai dai akwai wani rabo da auren mace fiye da ɗaya ya haifar, wanda ya shiga har cikin ma'anar kalmomi. Ɗan'uwa, a asalinsa, wanda aka haɗa uwa da shi ne, amma kalmar ta faɗaɗa ta zama sunan duk wani makusanci, har aka ce ɗan'uwa rabin jiki. Ɗan'uba kuwa, wanda aka haɗa uba kawai da shi, kalmarsa ta haifi 'yan'ubanci, wato gasa da ƙyashi. Harshe bai ɓoye abin da ke faruwa a tsakar gida ba.

'Ya'yan wa da ƙane su ne 'yan maza zar, kuma a zaman gandu ana ɗaukar su tamkar 'yan ɗaki ɗaya. Ɗan mace da ɗan namiji, wato ɗan goggo da ɗan kawu, su ne taubasai. Tsakaninsu akwai wasa mai zafi wanda ba a fushi da shi: wannan ya ce wancan bawansa ne, a ƙwace hula, a bi bashin kuɗin shara idan watan Muharram ya kama, lokacin cika-ciki. Ba'amurken masani Joseph Greenberg, wanda ya yi bincike a cikin Maguzawan ƙasar Kano a ƙarshen shekarun 1930, ya nuna cewa a tsohuwar al'ada ana guje wa aure a cikin dangin uba, taubashiya ce matar da ta dace. Musulunci ne ya buɗe ƙofar auren 'yar baffa, wanda ya zama ruwan dare a auren zumunci, musamman a gidajen Fulani da na malamai.

A gaban alƙali

Wanda ya ɗauka bambancin baffa da kawu na baki ne kawai, ranar rabon gado zai gane. A fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan Shari'ar Musulunci na Jihar Kano ke aiki da shi, baffa yana cikin asaba, wato mazan dangin uba masu kwashe abin da ya rage bayan an ba masu ƙayyadadden rabo haƙƙinsu. Mutumin da ya rasu ya bar mata da 'ya mace ɗaya, ba uba, ba kaka, ba 'yan'uwa ko 'ya'yansu maza, matarsa za ta ɗauki sumuni, 'yar ta ɗauki rabi, ragowar ta tafi ga baffansa. Kawu ba ya cikin wannan layi, komai kusancinsa da mamacin, ko da shi ya riƙe shi tun yana yaro. Haka goggo da inna.

A nan ne Hausa ke aron kalmomin Larabci domin ta tsaida magana: shaƙiƙi ga wanda aka haɗa uwa da uba, li'abi ga wanda aka haɗa uba, li'ummi ga wanda aka haɗa uwa. Ɗan'uwa shaƙiƙi yana katange li'abi. Li'ummi yana da sudusi idan shi kaɗai ne, in sun kai biyu ko fiye su raba sulusi, matuƙar mamacin bai bar ɗa ko 'ya ko jika ta wajen ɗa ko uba ko kaka namiji ba. Ko a kan jika, wanda Hausa ta ba suna ɗaya, shari'a ta raba: ɗan ɗa yana gado idan babu ɗa namiji, ɗan 'ya kuwa ba ya cikin magada masu rabo. Kishiyoyi, ko su huɗu ne, sumuni ɗaya ko rubu'i ɗaya za su raba. Agola, wato ɗan da mace ta zo da shi daga wani auren, ba ya gadon mijin uwarsa, haka ɗan riƙo, sai dai a yi masa kyauta tun da rai ko wasiyyar da ba ta wuce sulusin dukiya ba.

Walicin aure ma ta wajen uba yake bi, shi ya sa a ɗaurin aure aka saba ganin uba ya ja da baya, ya tura wansa ko ƙaninsa ya bayar da 'yar. Amma idan aka zo batun renon yara bayan rabuwar aure, sai ma'aunin ya juya: uwa ce a gaba, sai kaka ta wajen uwa, sai inna. Dangin uwa da aka bari a baya wajen dukiya su ne a sahun farko wajen tarbiyyar ƙaramin yaro.

Akwai kuskuren da ya zama ruwan dare a tsakanin ma'aikata. Gurbin nan da ake rubuta sunan makusanci a takardar ɗaukar aiki ko ta banki ko ta fansho, mutane da yawa sun fassara shi da magaji. Wanda aka rubuta a wurin mutum ne da za a tuntuɓa idan wani abu ya faru. Rubuta sunansa bai mayar da shi mai dukiyar ba, bai kuma soke rabon sauran magada ba. Rigingimu da yawa tsakanin matar mamaci da ƙannensa daga wannan fassarar suke tashi.

Surukai: inda ake kunya da inda ake wasa

Kalmar suruki tana tafiya ta fuska biyu. Uban mata suruki ne, uban miji suruki ne, mijin 'ya ma suruki ne. Haka suruka ko surukuwa ta haɗa uwar miji da uwar mata da matar ɗa. Abin da ya haɗa su duka shi ne kunya. A ƙauyukan kudancin Kano, suruki kan tuɓe takalmi tun daga zaure, ya durƙusa ya gaisar, ba ya haɗa ido, ba ya cin abinci a gaban iyayen matarsa. Matar ɗa ba ta ambaton sunan uban mijinta ko uwarsa, ko da wani ne daban ke da sunan.

Wannan alkunya ce ta cika gidajen Hausa da sunayen sakaye. Yaron da aka mayar wa sunan kakansa sai a kira shi Abba ko Baffa ko Baba ko Halifa, yarinyar da ta ci sunan kakarta ta zama Ummi ko Inna ko Hajiya ko Walida. Mace kan ce Malam ko Alhaji ko Maigida ko "baban su wane" maimakon sunan miji. Ɗan fari ma yana da tasa kunyar: uwa ba ta kiran sunansa, a gidajen Fulani kuma har ta riƙa nuna kamar ba ta san da shi ba, sau da yawa kaka ko goggo ce ke ɗaukar sa bayan yaye. Littafin Baba of Karo, tarihin rayuwar wata Bahaushiya da Mary Smith ta rubuta daga bakinta aka buga a 1954, cike yake da bayanin irin wannan kunya da riƙo da wasannin dangi a ƙasar da ke tsakanin Kano da Zariya.

Kunyar tana hawa sama ne, wasa kuma yana gangarowa ƙasa. Yayan miji abin girmamawa ne kamar uba, ƙanin miji kuwa abokin wasa ne, yana ce wa matar wansa "matata", tana yi masa gorin tuwo. Haka mijin yaya da ƙannen matarsa. Malamai sun daɗe suna jan kunne a kan wannan wasa, domin ƙanin miji ba muharrami ba ne, saɓanin uban miji da uwar mata, waɗanda Suratun Nisa'i ta haramta aurensu har abada. Ayar da ta kawo wannan hukunci ita ce kuma ta sa 'yan'uwan shayarwa a layin waɗanda ba a aura, dalilin da ya sa tsofaffin mata ke riƙe lissafin wace ta shayar da wane. Wasan kaka da jika shi ne mafi daɗi: kaka mace ta kira jikanta namiji maigida, ta kira jikarta kishiya.

Matan wa da ƙane facaloli ne. A gidan gandu, inda suke girki a tsakar gida ɗaya, ana auna musu hatsi daga rumbu ɗaya, zaman facaloli kan yi zafin da ya kusa na kishiyoyi, ko da yake ba miji ɗaya suka haɗa ba.

A birni kuwa wata baƙuwar kalma tana neman haɗiye da yawa daga cikin waɗannan. Anti ta zama sunan goggo da inna da matar yaya da amaryar baba da ƙawar uwa gaba ɗaya. Tana da sauƙi a baki, amma yaron da ya tashi da ita sai ya girma bai san wace ce 'yar'uwar ubansa ba, wace ce kuma maƙwabciya.

Yadda mutanen Kanton ke lissafi

Kanton shi ne tsohon sunan da Turawa suka ba birnin Guangzhou, inda ake gudanar da babban bajekolin nan sau biyu a shekara tun 1957, kuma inda 'yan Kantin Kwari da sauran kasuwannin Kano ke zuwa sarin kaya. Harshen yankin, wanda kuma shi ne na Hong Kong da Makau, yana da masu magana da shi sama da miliyan 80. Ya bambanta da Mandarin, harshen hukuma, har mai jin ɗaya ba ya fahimtar ɗayan sai ya koya. Yana da karin sauti shida, don haka rubutun da ke biye kusantar lafazi ne kawai.

Inda Hausa ta tsaya ga kaka, su sun yi huɗu. Uban uba ye-ye, uwar uba ma-ma, uban uwa gung-gung, uwar uwa po-po. Na wajen uwa ana kuma ce musu ngoi-gung da ngoi-po, kuma ngoi ma'anarta "waje". Ɗan 'ya ma jikan waje ne a wurinsu. Dalili shi ne sunan zuriya ta wajen uba yake bi, 'ya mace kuma idan ta yi aure ana ɗaukar ta koma wani gida. Wanda ya san hukuncin ɗan ɗa da ɗan 'ya a rabon gado ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Baffa ya rabu biyu: wan uba bak ne, matarsa bak-neung, ƙanin uba suk ne, matarsa sam. Goggo ma biyu ce: gu-ma idan ta girmi uba, gu-je idan ƙanwarsa ce. Yar uwa yi-ma, ƙanwar uwa a-yi. Ɗan'uwan uwa namiji shi ne kau-fu, kalmar da ta yi kama da kawu a kunne da kuma ma'ana, ko da yake dacewa ce kawai, harsunan biyu ba su haɗa asali ba. Inda Bahaushe ke cewa Baffa Babba da Baffa Ƙarami, su lamba suke sakawa bisa jerin haihuwa: yi-suk shi ne baffa na biyu, sam-gu goggo ta uku.

'Ya'yan baffa ana ƙara musu tong, kalmar da ke nufin babban zauren gida, domin sunan zuriyarsu ɗaya. Sauran duka, 'ya'yan goggo da na kawu da na inna, biu ne. A al'adarsu ta dā, aure tsakanin 'yan tong abin ƙyama ne, tsakanin 'yan biu kuwa an saba da shi, kusan yadda Greenberg ya tarar a wurin Maguzawa. Dokar aure ta ƙasar Sin ta 1980 ta hana duka biyun.

A fagen surukuta ne suka yi wa Hausa nisa sosai, domin kowane suruki da sunansa. Mace tana kiran uban mijinta lou-ye, uwar mijinta nai-nai. Namiji yana kiran uban matarsa ngoi-fu, uwarta ngoi-mou, wato uban waje da uwar waje. Matar ɗa san-pou ce, matar wa a-sou, mijin ya je-fu, mijin ƙanwa mui-fu. Iyayen ango da iyayen amarya suna kiran juna can-ga. Maza biyu da suka auri ya da ƙanwa lou-kam ne, dangantakar da a Hausar yau da kullum sai an kewaya da bayani kafin a faɗe ta. Amarya kuma kan kira 'yan'uwan mijinta da sunan da 'ya'yanta za su kira su, wato wan miji bak, ƙanin miji suk, irin ladabin da ke sa Bahaushiya ta ce "baffan yara".

Ranar biki ake fara aiki da sababbin sunayen. Ango da amarya kan miƙa wa manya shayi ɗaya bayan ɗaya, daga babba zuwa ƙarami, suna kiran kowa da matsayinsa, shi kuma ya ba su jan ambulan mai kuɗi da suke kira lai-si, ko sarƙar zinariya. Abin ya yi kama da buɗar kai, inda ake gabatar da amarya ga dangin miji su yi mata kyauta. Suna kuma da dangantakar da ba ta jini ba, wadda suke kira kai: kai-ye da kai-ma su ne uba da uwa na ɗauka, kusan matsayin uban ɗaki da uwar ɗaki.

Ɗan kasuwar da ya tsinci 'yan kalmomi a can yana bukatar ya san daga wane harshe ya tsince su, domin da yawa daga masu shaguna a Guangzhou 'yan wasu larduna ne, Mandarin suke yi. Nai-nai a Mandarin kaka ce ta wajen uba, a Kanton uwar miji. Kalmomin da ɗan Kanton ke kiran kakanninsa na wajen uwa da su, da su ne mace mai jin Mandarin ke nufin iyayen mijinta. Abin da ba ya ɓata wa kowa rai shi ne kiran dattijon da ba a sani ba a-bak ko a-suk, mace kuma a-yi, daidai da yadda ake ce wa baƙon dattijo Baba a kasuwar Kwanar Dangora.

Kalmomin kishi sun zama tarihi a wurinsu, domin dokar 1950 ta hana auren mace fiye da ɗaya a ƙasar Sin, Hong Kong kuma ta bi sahu a 1971. Wasu kalmomin kuma mutanen da za a kira da su ne suka yi ƙaranci. Dokar haihuwar ɗa ɗaya, wadda ta yi aiki daga wajajen 1980 zuwa ƙarshen 2015, ta fi tsanani a birane, kafin a sassauta zuwa biyu a 2016, sannan uku a 2021. Yaron da uwarsa da ubansa kowanne shi kaɗai aka haifa ba shi da bak ko suk, ba gu-ma, ba kau-fu, ba ɗan tong ko ɗan biu. Abin da ya rage masa kakanni huɗu ne, kowanne da sunansa daban, duk sun taru a kan jika ɗaya.